Jakar Ko-Ta-Kwana: Tanadin da Ya Wajaba a Kan Kowane Gida

Da asubahin ranar 29 ga watan Mayu 2025 ruwa ya afka wa garin Mokwa a Jihar Neja, mutane suna barci. Kafin gari ya waye sarai ya rushe gidaje, ya hallaka mutane fiye da 150. A watan Satumba 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin dare, ruwa ya mamaye unguwanni masu yawa na birnin Maiduguri. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira a wuraren nan biyu sun fita ne da tufafin da ke jikinsu kaɗai.

Irin wannan masifa ta daɗe tana aukuwa a ƙasar nan, Kudu da Arewa. Dattawan Badun ba su manta da ambaliyar kogin Ogunpa ta watan Agusta 1980 ba, haka nan mutanen Kano suna tune da fashewar madatsar Bagauda a 1988. A shekarar 2012 kogin Kwara da na Binuwai suka yi cikar da aka daɗe ba a ga irinta ba, mutane 363 suka rasu, fiye da miliyan biyu suka bar gidajensu. A 2022 aka sake yin wata, wadda ta ci rayuka fiye da 600, ta raba mutane fiye da miliyan ɗaya da muhallinsu.

Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, watau NEMA, a 1999, jihohi kuma suna da nasu hukumomin agaji, ga kuma ƙungiyoyin taimako irin su Red Cross. Amma idan hanya ta yanke, gada ta karye, wayar tarho ta daina shiga, ma'aikatan agaji ba su isa ko'ina a rana ɗaya. Sau da yawa akan kwana ɗaya, ko biyu, ko uku kafin taimako ya iso. A cikin kwanakin nan kowane gida shi zai riƙe kansa da abin da ya tanada. Saboda haka ne ake kira ga kowane magidanci da kowace uwargida su haɗa jakar ko-ta-kwana, watau jaka guda wadda ke ƙunshe da abin da iyali za su rayu da shi har kwana uku, wadda kuma mutum ɗaya zai iya saɓawa ya fita da ita cikin minti ɗaya, ko da a cikin duhu ne.

Waɗansu sukan ce tanadar irin wannan jaka kamar yi wa kai mugun fata ne. Manomin da ya cika rumbu da kaka ba fatan yunwa yake yi ba, haka nan mai haɗa jakar gaggawa. Hausawa dai sun riga sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

TANADI IRI BIYU

Gaggawa iri biyu ce. Akwai wadda ke fitar da mutum daga gida, kamar ambaliya, ko gobara, ko rushewar gini. Akwai kuma wadda ke tsare mutum a cikin gida, kamar yankewar hanya, ko dokar hana fita, ko ɗaukewar ruwan famfo da lantarki na kwanaki. Don haka tanadin ma iri biyu ne. Na farko shi ne jakar da za a ɗauka, ita kuwa tilas ta zama marar nauyi. Na biyu shi ne ajiyar gida, watau ruwa da hatsi da makamashi, waɗanda za su zauna a wuri mai tudu a cikin gida.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a cusa wa jaka kaya har ta gagara ɗauka. Wanda zai goya yaro, ya riƙe hannun tsohuwa, ya ratsa taɓo cikin dare, ba zai iya jan akwati ba. Jakar goyo, irin ta 'yan makaranta amma babba mai ƙwari, ita ta fi dacewa, domin tana barin hannuwa biyu sake. Inda babu ita, bokitin roba mai murfi ya wadatar, har ma yana da wani amfani, domin yana hana ruwa shiga, daga baya kuma a ɗebi ruwa da shi. In an gama haɗa jakar, sai wanda zai ɗauke ta ya saɓa ta ya zaga unguwa da ita. Idan ta gajiyar da shi, a rage kaya. Gidan da ke da manya biyu ko uku sai a raba kayan jaka biyu.

RUWAN SHA

Ruwa shi ne kan gaba. Mutum yana iya jure yunwa kwanaki da dama, amma ƙishirwa takan kayar da shi cikin kwana biyu ko uku, balle a lokacin zafi. Babban mutum yana bukatar kamar lita 3 a rana don sha da ɗan abin da zai jiƙa ya ci. In an haɗa da girki da wanka da wanke-wanke, ma'aikatan agaji na duniya sukan lissafa lita 15 ga kowane mutum a rana.

Gida mai mutum shida ke nan yana bukatar lita 54 na sha kaɗai a kwana uku. Lita ɗaya ta ruwa kuwa nauyin kilo ɗaya gare ta, ba mai iya gudu da kilo 54. Abin yi shi ne a cika jarka biyu masu cin lita 25 a ajiye su a gida bisa benci ko dandamali, a rufe bakinsu sosai, a riƙa juye ruwan ana sabunta shi a ƙalla sau ɗaya a wata. Kada a yi amfani da jarkar da aka taɓa zuba fetur, ko kananzir, ko maganin ƙwari a ciki, kome wankin da aka yi mata. Ruwan leda ma yana da amfani, domin jaka guda mai ƙulli 20 lita 10 ce, sai dai a ajiye shi a inuwa, a kuma duba kwanan watan da ke jikinsa. A cikin jakar ko-ta-kwana kuwa a sa wa kowane mutum gorar ruwa ta lita ɗaya, tare da maganin tsabtace ruwa, ko na ƙwaya ko na ruwa, wanda ake samu a kantin magani.

Dalilin maganin nan shi ne, ruwan ambaliya yakan kwaso ƙazantar masai da kwatami da mushe ya zuba a rijiyoyi. Rijiyar da aka saba sha tun kaka da kakanni takan zama guba a rana ɗaya, ko da ruwanta ya yi garau a ido. Duk ruwan da aka ɗebo bayan ambaliya sai a tace shi da ƙyalle mai tsabta, a bar shi ya kwanta, sa'an nan a tafasa shi har ya yi minti ɗaya cur yana ɓararraka. In babu halin hura wuta, a sa maganin tsabtace ruwa daidai yadda aka rubuta a jikin takardarsa, a jira minti 30 kafin a sha. Alimun yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayoyin cuta.

ABINCI

Abincin da zai shiga jaka sai ya cika sharaɗi biyu: ya zama ba ya bukatar dafuwa, ba ya kuma lalacewa da wuri. Ba sai an nemi wani abincin kanti mai tsada ba, guzurin da matafiya suka saba da shi tun da shi ne ya fi. Garin kwaki, da sukari, da ƙuli-ƙuli, da soyayyiyar gyaɗa, da dabino, da biskit, da madarar gari, da gwangwani biyu ko uku na kifi sun isa su riƙe iyali kwana uku. A kula dai, garin kwaki da madarar gari duka da ruwa mai tsabta za a jiƙa su. Kilishi da duk wani abu mai yawan gishiri ko yaji yana ƙara ƙishirwa, saboda haka kada ya yi yawa. A zuba kowane abu a roba mai murfi don gudun ɓera da tururuwa, a haɗa da kofi ɗaya, da cokali, da ƙaramar wuƙa, da mabuɗin gwangwani.

A ajiyar gida kuwa a tanadi shinkafa, da wake, da taliya, da mai, da gishiri, da gawayi ko kananzir na mako guda. A nan akwai gargaɗi mai muhimmanci. Kada a hura gawayi a kurfoti cikin ɗaki a rufe, kada kuma a tayar da janareto a ɗaki, ko a zaure, ko a gindin taga. Dukansu biyu suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana sa mutum barci har ya zarce. Iyalai da dama a ƙasar nan sun ƙare a dare ɗaya ta wannan hanya.

MAGUNGUNA

Cutar da ta fi bin bayan ambaliya ita ce gudawa, mafi muninta kuwa kwalara. A shekarar 2021 kaɗai an lissafa mutane fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu. Abin da ke kashe mai gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki, maganin wannan kuwa yana da araha. A sa ƙulli goma na garin gishiri da sukari, wanda ake kira ORS, a cikin jaka. Ana narkar da shi a ruwa mai tsabta gwargwadon awon da aka rubuta a jikinsa, mafi yawa ƙulli ɗaya a lita ɗaya, a riƙa ba marar lafiya kaɗan-kaɗan ba fasawa, ko da yana amai. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. In babu na kanti, a haɗa a gida: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, da ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a ƙara gishiri ya wuce haka, domin yawansa yana cutar da yaro. Yaro mai gudawa akan haɗa masa da ƙwayar zinki har kwana 10 zuwa 14. Idan gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, ko idanu suka faɗa, ko marar lafiya ya kasa sha, a garzaya da shi asibiti ana ba shi ruwan a hanya.

Ban da wannan, a tanadi farasitamol na manya da na yara, da bandeji, da filasta, da auduga, da maganin wanke ciwo, da almakashi, da safar hannu ta roba. Ƙaramin rauni a ƙafa yakan ruɓe da sauri in ya sha ruwan ambaliya, don haka a wanke shi da sabulu da ruwa mai tsabta nan take, a rufe shi.

Wanda ke shan magani kullum, kamar mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko asma, ko farfaɗiya, ko sikila, ko tarin fuka, lalle ne a ware masa na mako guda a cikin jaka, a rubuta sunan maganin da yadda ake shansa a takarda, don in ya ƙare a wani gari ma'aikacin lafiya ya san abin da zai bayar. Allurar ciwon sukari ba ta son zafi, ba za ta zauna a jaka ba, sai a san inda take a ɗauke ta lokacin fita, a kuma kiyaye ta daga rana. Kada a cika jaka da kafso da sauran magungunan da likita bai rubuta ba.

Ruwa yakan koro macizai daga ramukansu zuwa tudun da mutane suka fake. Idan maciji ya sari mutum, kada a ɗaure wurin tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa. A kwantar da shi, a cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

TAKARDU DA KUƊI

Ana iya sake gina ɗaki cikin wata biyu, amma takardar da ruwa ya ci takan sa mutum shekara yana zirga-zirga a ofisoshi. Takardun da za a tattara su ne takardar haihuwa ta kowane yaro, da katin rigakafi, da katin asibiti, da takardar lambar zama ɗan ƙasa, da katin zaɓe, da takardun makaranta, da takardar fili ko gida ko gona, da takardun mota ko babur, da na fansho. A sa su a leda mai kauri a ɗaure, a sake sa ledar cikin wata a ɗaure. Ya kamata a yi hoton kowace takarda iri biyu, ɗaya a takarda a kai wa ɗan'uwa amintacce da ke wani gari, ɗaya kuma a cikin wayar hannu.

A ware ɗan kuɗi a hannu, ƙananan takardu, wanda zai isa kuɗin mota da abincin kwana biyu. Ƙarancin takardun Naira da aka yi a farkon 2023 ya nuna wa kowa cewa mutum yana iya kasancewa da kuɗi a banki ya kwana da yunwa. Ranar ambaliya kuwa na'urar cirar kuɗi ba ta aiki, masu ba da kuɗi a bakin titi su ma suna ta kansu. Kuɗin jaka amana ne, kada a taɓa shi don cefane ko biki.

Yawancin mutane yanzu ba su haddace lambar kowa ba, waya ce ke riƙe musu. In waya ta jiƙe ko cajinta ya ƙare, shi ke nan. Saboda haka a rubuta lambobin dangi biyar, da ta mai unguwa, da ta asibiti mafi kusa a takarda a sa cikin ledar takardu. A haɗa da lambar kiran gaggawa ta ƙasa, watau 112, wadda ake bugawa kyauta a jihohin da aka buɗe cibiyarta. A Ikko akwai kuma 767.

HASKE DA LABARI

Sau da yawa waɗannan masifu da dare suke zuwa, abu na farko da ke ɗaukewa kuma lantarki ne. A sa tocila mai kyau a aljihun jaka na waje, inda hannu zai kai gare ta a lalube, tare da batir na canji. Kada a bar batir a cikin tocila wata da watanni, yakan zube ya ɓata ta. Mai cajin hasken rana ta fi, in dai ana shanya ta lokaci-lokaci. A naɗe ashana a leda. Kyandir yana da haɗari a wurin da mutane suka cunkushe, a bar shi sai in babu makawa.

Ƙaramar rediyo mai batir ita ce ke kawo sanarwar hukuma sa'ad da waya ta yi shiru: wace hanya ce a buɗe, ina aka kafa sansani, ina ake raba ruwa. Labarin da aka ji a bakin hukuma ta rediyo shi za a bi, jita-jita kuwa ta sha jefa mutane cikin haɗarin da ya fi wanda suka gudo wa. A haɗa da wayar caji, da ƙaramin batirin cajin waya wanda ake kira fawa banki, a riƙa cika shi kowane mako da damina. Usur ma yana da wuri a jaka. Wanda ya maƙale a kan rufi ko a ƙarƙashin gini muryarsa takan dushe cikin sa'a guda, amma ƙarar usur tana kai wa nesa ba tare da wahala ba.

SUTURA DA TSABTA

Kowane mutum a sa masa tufafi canji ɗaya, da zane ko mayafi mai kauri, a naɗe cikin leda. Yaron da ya kwana da jiƙaƙƙen kaya sanyi yakan kama shi ko da a ƙasar zafi ne. A tanadi takalmi mai rufe ƙafa kusa da jaka, domin silifa ruwa ke cire shi, a ƙarƙashin ruwa kuwa akwai ƙusa da kwalba da langa-langa. Babbar leda mai kauri ko ɗan tamfol, da igiya mai tsawon mita goma, sun isa a kafa inuwa ko a tare ruwan sama. Gidan sauro mai magani wajibi ne, domin ruwan da ya kwanta bayan ambaliya shi ne mahaifar sauro. Sai sabulu, da buta, da audugar mata, da ledoji na zuba shara da kashin yara.

MASU BUKATA TA MUSAMMAN

Mai ciki da ta shiga wata bakwai ta haɗa kayan haihuwarta, da katin awo, da sabuwar reza, da zare mai tsabta, da kayan jariri, ta ajiye su tare da jaka. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono, domin babu abincin da ya fi shi aminci ga jariri a wurin da ruwa ya gurɓace, ita kuma a fifita ta wajen rabon ruwa da abinci. Tsoho a tanadar masa tabarau da sanda. Gurgu, da makaho, da marar lafiya na kwance, tun yau za a san wane ne zai ɗauki kowannensu, da sunansa, a kuma gaya wa maƙwabci.

Yara sukan ɓace a cikin ruɗani. Kowane yaro a rubuta masa sunansa, da sunan mahaifinsa, da unguwarsu, da lambar waya a ɗan kati, a rufe da leda, a sa masa a aljihu ko a rataya masa a wuya ranar fita. Wanda ya yi wayo a koya masa ya haddace su.

WURIN AJIYA DA LOKACIN DUBAWA

A rataye jakar a ƙusa kusa da ƙofar fita, sama da inda ruwa ko ƙananan yara za su kai. Kada a kulle ta a akwati ko a ɗakin da mabuɗinsa ke aljihun mai gida, domin masifa ba ta jiran ya dawo daga kasuwa. Kowane babba a gidan ya san inda take da abin da ke ciki.

A riƙa buɗe ta sau biyu a shekara. Na farko gab da faɗuwar damina, watau wajen watan Maris a jihohin Kudu, wajen Mayu a Arewa. Na biyu da shigowar hunturu, wajen Nuwamba, lokacin da gobara ta fi yawa, dare kuma ya fi sanyi. A kowane dubawa a cinye abincin da ya daɗe a zuba sabo, a duba kwanan watan magunguna, a gwada tocila da rediyo, a canza tufafin yaran da suka yi girma. Wanda ba shi da halin sayen kayan gaba ɗaya ya fara da abin da ke gidan, domin fiye da rabinsu suna nan a warwatse, sauran kuma ya riƙa sayen ɗaya ko biyu kowace ranar kasuwa.

RANAR FITA

A farkon kowace shekara Hukumar Hasashen Yanayi, watau NiMet, takan bayyana yadda damina za ta kasance, hukumar da ke auna ruwan koguna, watau NIHSA, ita kuma takan fitar da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Idan za a saki ruwa daga madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai a ƙasar Kamaru, akan yi sanarwa, ruwan kuma yakan ɗauki kwanaki yana gangarowa ta Yola da Makurɗi zuwa Lakwaja, inda ya haɗu da Kwara, ya wuce Anaca har Bayelsa. Mazauna bakin waɗannan koguna suna da lokacin tashi a tsanake, musamman a watan Satumba da Oktoba da ruwa ya fi cika. Wanda aka ce ya tashi ya tashi da rana tsaka, kada ya jira sai ruwa ya taɓa dokin ƙofa.

In lokacin fita ya yi, a kashe babban makunnin lantarki da busasshen hannu, a rufe tukunyar gas, a kwance dabbobin da ke ɗaure, a ɗauki jaka, a nufi tudu. Kada a ratsa ruwa mai gudu. Wanda zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, watau ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da ƙato. Santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, 60 kuwa yana tafiya da mafi yawan motoci. In tilas sai an shiga kwalekwale, kada a yarda a yi masa lodi fiye da kima. A watan Oktoba 2022 mutane fiye da 70 suka hallaka a Ogbaru ta Jihar Anambra sa'ad da jirgin da ya ɗauko su a lokacin ambaliya ya kife.

Idan gobara ce, rai ne gaba da kome. In jakar tana kan hanyar fita a ɗauka, in wuta ta shiga tsakani a bar ta, kada kowa ya koma ciki don kaya. Tun kafin ranar iyali su yanke wurin haɗuwa biyu, ɗaya a unguwa, kamar filin makaranta da ke kan tudu, ɗaya kuma gidan ɗan'uwa a wata unguwa ko wani gari, don wanda ya rabu da sauran ya san inda zai nufa.

MATAFIYA DA 'YAN KASUWA

A 2012, da kuma 2022, ruwa ya yanke babbar hanyar Abuja zuwa Lakwaja, motoci suka yi kwanaki a jere a kan titi. Direbobi, da fataken shanu, da masu kai kayan gwari Kudu, ya kamata kowannensu ya riƙe ƙaramar jaka a mota mai ɗauke da ruwa, da guzurin kwana biyu, da tocila, da garin gishiri da sukari, da maganin da yake sha. Ɗan kasuwa kuma kada ya bar littafin bashi da takardar rumfa da cinikin mako su kwana a shago, domin gobarar kasuwa galibi cikin dare take tashi.

Ana roƙon masu unguwanni, da sarakunan Hausawa na Sabo da zango-zango, da shugabannin kasuwa da na tashoshin mota, da malaman makaranta, da ƙungiyoyin mata, su bayyana wa jama'arsu abin da ke cikin wannan ɗan littafi. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Kowane gida kuma ya fara tun yau da abu mafi sauƙi, watau a tattara takardu a ɗaure su cikin leda, a cika jarka biyu da ruwa, a kafa ƙusa kusa da ƙofa.